A rushe ko a gyara? Muhawara kan wani tsohon bene mai hawa huɗu

Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta raba kan kwamitinmu gida biyu, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu harkar gini a cikinmu. Ƙungiyarmu tana da wani tsohon bene mai hawa huɗu, ginin ƙarshen shekarun 1970. Rufi yana yoyo, wayoyin wuta sun tsufa, tagogi ba sa rufuwa da kyau, hawa na sama kuwa da rana kamar tanderu. Wasu sun ce a kawo katafila a baje shi, a ɗora sabo na zamani mai sola a kai wanda ba ya cin wuta. Wasu sun ce a gyara. Maganar kuɗi daban ce, tana da nata zaman. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, masu cewa a rushe da muhalli suke kafa hujja, masu cewa a gyara su ma da muhallin suke kafa hujja. To ina gaskiyar take?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ku rushe ku huta. Shekarata ashirin da wani abu a wannan sana'a, ban taɓa shiga aikin gyaran tsohon gini na fito yadda na lissafa ba. Ka fasa bango don ka canja bututu ɗaya, sai ka tarar da matsala uku a bayansa. Sabon gini kuwa ka san abin da ka zuba a ciki tun daga fandisho. Ga shi zai riƙe sanyi, ba sai esi ta kwana tana aiki ba. Ai wannan shi ne tausaya wa muhalli.

Malamar Kimiyya: Alhaji, kafin a je ga esi, a fara tsayawa a kan buhun siminti. Da farar ƙasa ake yin siminti, ana gasa ta a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1450. Duk kilo 100 na tsantsar wannan dutse, idan ya gasu, kilo 44 daga ciki iskar kabon ce da take ficewa ta hau sama. Wannan ba ruwansa da man da aka ƙona don hura wutar, daga jikin dutsen kansa take fita. Shi ya sa ko da hasken rana za a hura tanderun, fiye da rabin hayaƙin siminti yana nan daram. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana tafe da kilo 30 zuwa 40 na wannan iska, gwargwadon irin simintin. Duniya kuma tana yin kimanin tan biliyan 4 na siminti a shekara, abin da ya sa shi kaɗai yake da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Ƙarfe ma kusan haka. To benen su Malam Sakatare ya riga ya biya wannan bashi tun kafin a haifi wasunmu. Idan aka rushe, sai a sake ciyo sabo.

Ɗan Kwangila: Malama, bashin sau ɗaya ake biyansa. Wutar da tsohon gini ke sha kuwa kullum ce, shekara da shekaru.

Injiniya: Ku duka biyun kun faɗi gaskiya, lissafi ne zai raba ku. Bari in buga misali da lambobin da na ƙaga don a gane, ba na benen Malam Sakatare ba ne. A ce faɗin dukkan hawa huɗun murabba'in mita 2,000 ne. A ce sabon ginin kankare zai fitar da kilo 500 a kowace murabba'in mita kafin a kunna ƙwai ɗaya a cikinsa. Tan 1,000 ke nan. A ce gyara mai kyau, da sabon rufi da tagogi da waya da famfo, zai ci tan 300. Tazara tan 700. Yanzu sai a tambaya, sabon ginin zai fi wanda aka GYARA tsimin wuta da nawa a shekara? Na rubuta da manyan baƙi ne saboda a nan ake yin maguɗi. Masu son rusau suna kwatanta sabon gini da tsohon yadda yake a yau, da tagoginsa da suka lalace. Ba haka ake yi ba, da wanda aka gyara za a gwada. In bambancin tan 20 ne a shekara, sai bayan shekara 35 sabon zai rama. In tan 10 ne, shekara 70.

Kuma an yi bincike a kan wannan. A 2011 wata cibiyar adana gine-ginen tarihi ta Amurka, National Trust for Historic Preservation, ta fitar da rahoto inda ta gwada nau'o'in gini a birane masu yanayi daban-daban. Ta samu cewa sabon ginin da ya fi matsakaicin gini tsimin makamashi da kashi 30 yana buƙatar tsakanin shekara 10 zuwa 80 kafin ya biya hayaƙin da aka fitar wajen gina shi.

Ɗaliba: Yallaɓai Injiniya, ina da tambaya, a yi mini afuwa in ta yara ce. Idan ginin zai yi shekara 60 ko 80 a tsaye, ai ko bayan shekara 35 ɗin ya rama, a ƙarshe shi ne da riba. Me ya sa za mu damu?

Injiniya: Tambayar ba ta yara ba ce, ƙanwata. Abu biyu. Na farko, hayaƙin gini yau ake fitar da shi gaba ɗaya, ribar kuwa a gutsure take zuwa. Iskar kabon in ta hau sama ba ta saukowa da wuri, wani kaso nata yana yin ɗaruruwan shekaru yana dumama duniya. Wanda ya zuba tan 1,000 bana ya ce zai rama nan gaba, zai yi shekara talatin da biyar yana ƙara zafi a daidai lokacin da ake fafutukar ragewa. Na biyu, wutar lantarki tana ƙara tsabta a ƙasashe da yawa saboda sola da iska. Duk sanda wutar ta ƙara tsabta, ribar da sabon gini ke taƙama da ita tana raguwa, amma simintin da aka riga aka gasa ba ya dawowa. Sannan wa ya ba ki tabbacin zai kai shekara 80? Wanda ake son rushewa yanzu ma ai bai cika 50 ba.

Mai Zane: Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. A New York akwai wani bene mai hawa 52 a kan Park Avenue, an gama shi a 1960. Bankin JPMorgan Chase ya gyara shi har ya samu shaidar ingancin muhalli mafi girma ta LEED. Ba a cika shekara goma ba suka fara kwance shi a 2019, don suna son wanda ya fi shi girma. Ginin lafiyarsa ƙalau. Yawancin gine-ginen da ake rushewa a manyan birane ba tsufa ke kashe su ba, darajar filin da suke kai ce ta fi ƙarfinsu.

Amma bari in kawo na farin ciki. Wasu masu zanen gini biyu 'yan Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, sun shahara da ƙin rusau, har suka ci kyautar Pritzker a 2021, wadda ita ce mafi girma a sana'armu. A birnin Bordeaux an ba su wasu dogayen benaye uku na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ginin shekarun 1960, gida 530. Irin waɗanda kowa ke cewa ba su da magani sai katafila. Su kuwa sai suka jingina sabon sashe a fuskar ginin daga ƙasa har sama, kowane gida ya samu ƙarin baranda mai gilashi mai zurfin kusan mita huɗu. Aka cire ƙananan tagogi aka sa manyan ƙofofin gilashi. Barandar ta zama garkuwa tsakanin ɗaki da waje, da sanyi tana tara ɗumi, da zafi ana buɗe ta. Aka gama a 2017, kuma mutanen suna zaune a gidajensu aka yi aikin, ba wanda aka kora.

Ɗan Kwangila: Hajiya, waɗannan ai na cikin mujalla ne. Gini nawa ne ke samun mai zanen da ya ci kyauta? Ni wanda na sani shi ne tsohon gini da ka taɓa fila sai kankare ya zubo kamar gari, rodi duk ya yi ja.

Tsohon Birkila: Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ne yake rubuta mini. Amma na yi shekara arba'in ina ɗora bulo, kuma na rushe da hannuna ba sau ɗaya ba. Abin da zan ce, Alhaji yana da gaskiya rabi. Akwai ginin da ka sa guduma sau biyu ya ba ka hanya. Akwai wanda za ku kwana uku a kan fila ɗaya, guduma tana dawo muku. Na taɓa aikin rushe wani bene da mai shi ya ce ya ruɓe. Wallahi da muka fasa, rodin nan fes yake kamar jiya aka ɗaure shi. Fenti ne da filasta suka mutu, sai rufi da ya bar ruwa yana bin bango. Muka yi wata biyu muna fama da ginin da ya fi wanda aka maye gurbinsa da shi ƙarfi. Har yau abin yana damuna. Mutane fuska suke kallo. Gini kuwa ƙashinsa ake tambaya.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne karatun gaba ɗaya. Fandisho da fila da bim da dakin, wato shimfiɗar kankaren da ke tsakanin hawa da hawa, su ne suke ɗauke da fiye da rabin hayaƙin da ake fitarwa wajen gina bene irin wannan, domin a nan kankare da rodi suke. Taga, silin, waya, tayil, fenti, duk tufafi ne, ana canja su kowace shekara ashirin ko talatin ko da ginin sabo ne. Duk abin da Malam Sakatare ya lissafa a sama, yoyo da waya da taga da zafi, babu ɗaya da ya shafi ƙashi. Ban ce ƙashin lafiya yake ba, ban gani ba. Na ce ba a duba ba tukuna.

Kuma dubawar ba sihiri ba ce. Ana huda kankare a ciro gunduwa kamar gwangwani a kai ɗakin gwaji a matse ta har ta fashe, a ga ƙarfinta. Akwai na'urar da ake gogawa a jikin fila ta nuna inda rodi yake da kaurin kankaren da ya rufe shi. Akwai wani ruwan gwaji da ake fesawa a kan sabon fashi: inda kankare ke da ransa sai ya koma ruwan hoda, inda iska ta riga ta cinye shi ba ya canja launi. Muhimmancin wannan shi ne, sabon kankare yana kare rodi daga tsatsa. Da shekaru iskar kabon tana ratsa shi sannu a hankali daga waje, idan ta kai ga rodi kariyar ta ƙare. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki. Abin da Alhaji ya gani ke nan. In abin bai kai rodi ba, ko ya kai a wurare kaɗan, ana gyarawa. In ya game ko'ina, musamman in da gishiri a ciki, to ni da kaina zan ce a rushe.

Mai Lura da Zaure: Jama'a, wani ya turo tallan fili da lambar waya, na goge. Don Allah a tsaya kan maudu'i.

Ma'aikaciyar Jinya: Ina bin ku tun ɗazu, kuma ina jin tsoron yadda ake ɗaukaka gyara kamar ba shi da haɗari. Ginin shekarun 1970 ne fa. A lokacin ana sa asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ba ya kama wuta, a silin da kwanon rufi da bututu da tayil na ƙasa. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Ranar da lebura ya sa masa zarto ko guduma, ƙurar ta shiga huhu, sai bayan shekara ashirin ko arba'in cutar ta bayyana, kuma sankarar da yake jawowa ba ta jin magani. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Ga tsohon fenti mai dalma, wanda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Muhallin da ake magana ai har da huhun mai aikin.

Sannan kada a manta da gobarar benen Grenfell a Landan, 2017. Mutum 72 suka mutu. Wutar ta bi ta cikin rufin da aka manna wa jikin benen ne lokacin gyara, wanda aka sa don ya riƙe ɗumi ya kuma yi kyau. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Mai Zane: 'Yar uwa, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai asbesto ba ya zama hujjar rusau, domin ko rushewa za a yi dole a fara cire shi a tsanake, da kayan kariya, a jiƙa shi, a ƙunshe. In aka sa katafila a kansa haka nan, unguwa gaba ɗaya za ta shaƙa. Grenfell kuwa darasi ne a kan mugun kaya da sakacin masu sa ido. An manna irin wannan rufi a sababbin benaye ma da yawa, bayan gobarar aka bi ana ɓamɓarewa.

Ɗan Kwangila: To na ji. Amma ku amsa mini wannan. Bene mai hawa huɗu a tsakiyar gari, filin zai iya ɗaukar hawa goma sha biyu. In kun bar shi a huɗu, sauran mutanen ina za su? Za su je bayan gari, a sare itatuwa, a cinye gonaki, a ja titi da bututu da turakun wuta, kowa ya sayi mota yana ƙona mai safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa. Wannan hayaƙin a littafin wa za ku rubuta shi?

Injiniya: Alhaji, yau ka kama ni. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu rusau suke da ita, kuma yawancinsu ba ita suke kawowa ba. In ana lissafi da kan mutum maimakon murabba'in mita, ƙaramin gini a wurin da ke da jirgin ƙasa da bas da kasuwa a kusa yana iya zama asara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 kashi 68 cikin 100 na mutanen duniya a birane za su zauna. Ba gyara kaɗai zai ba su matsuguni ba, dole a yi sabon gini, mai yawa ma.

Mai Zane: Amma ba dole sai an baje ake ƙara hawa ba. A Sydney ta Ostireliya akwai wani dogon bene na 1976 da ya yi wa masu shi kaɗan. Maimakon rusau sai aka riƙe kimanin kashi biyu cikin uku na filoli da bim da dakin, da kusan dukkan cibiyar ginin inda lif da matattakala suke, aka ɗinka sabon sashe a jikinsa. Wurin zama ya kusan ninkawa. Sunansa yanzu Quay Quarter Tower, an gama a 2022, kuma an ƙiyasta an tsira da kimanin tan 12,000 na hayaƙi. A ƙananan benaye ma ana ɗora hawa ɗaya ko biyu da katako ko ƙarfe mara nauyi, in fandisho ya yarda.

Injiniya: In ya yarda. A ja layi a ƙarƙashin wannan, Hajiya. Ɗora hawa a kan ginin da ba a lissafa ƙarfinsa ba yana cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a wannan sana'a. Haka kuma a yankin da ake girgizar ƙasa lissafin yana canjawa. Bayan abin da ya faru a Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, inda fiye da mutum 50,000 suka rasu, ba mai hankalin da zai ce a bar ginin da ba zai jure girgiza ba don tsimin siminti. Wani ana iya ƙarfafa shi da ƙarin bango da ɗaurin ƙarfe. Wani kuwa kankaren da za a zuba wajen ƙarfafa shi ya kusa na sabo, a nan ribar ta gudu.

Ɗaliba: To in an rushe, ba ana sake amfani da ɓaraguzan ba? Na ga ana cewa ana sake sarrafa kashi kaza.

Malamar Kimiyya: Ana yi, amma ki duba me ake yi da su. Rodi yana komawa tanderu a narke a yi sabo, wannan gaskiya ne, sai dai narkarwar ma wuta take ci. Alminiyon ya fi kowa riba, sake narka shi yana cin kusan kashi 5 ne kawai cikin 100 na makamashin yin sabo. Kankare kuwa niƙa shi ake yi ya zama tsakuwa, yawanci a zuba a ƙarƙashin titi ko a cike rami. Fila mai ɗauke da hawa huɗu ta koma cikon hanya, sabon ginin kuma sai an gasa masa sabon siminti. A takarda za a rubuta an sake amfani da shi. A Tarayyar Turai sharar gini da rusau ta haura kashi ɗaya cikin uku na dukkan shara. A Amurka hukumar kare muhallinsu ta ƙiyasta tan miliyan 600 a 2018, kuma fiye da kashi 90 daga rusau ne. Ga yashi. Duniya tana kwasar kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, mai yawa daga koguna da gaɓar teku. Na hamada bai cika yin kankare ba, iska ta goge shi ya yi santsi da laushi.

Tsohon Birkila: Malama ta tuna mini. Tsohon jan bulo da aka ɗora da farar ƙasa, kana ƙwanƙwasa shi yake rabuwa, ka kankare ka sake ɗorawa. Wanda aka ɗora da siminti mai ƙarfi kuwa sai dai bulon ya fashe, simintin bai saki ba. Mu da muka zo da siminti muna ganin mun fi na da wayo.

Ɗan Kwangila: Baba, ai ba mu muka kawo ba, mun tarar. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa, tunda an zo nan. Mu 'yan kwangila mun fi son sabo don ya fi sauƙin lissafi, kuma banki ya fi saurin ba da bashi a kansa. Gyara yana cin hannu da ƙwararru, sabo yana cin kaya da inji. Ƙwararren da zai gyara tsohuwar taga ya fi wanda zai kafa sabuwa wuyar samu.

Mai Zane: Allah ya saka da alheri, Alhaji, ba kowa ke faɗin wannan ba. Wani wurin ma doka ce ke tura mutane. A Birtaniya sabon gidan zama ba a biyan harajin kaya a kansa, amma yawancin aikin gyara ana biyan kashi 20. Ka ga gwamnati da kanta ta sa wa katafila mai. Rigimar shagon Marks & Spencer na titin Oxford a Landan ta nuna yadda abin ya rikice: minista ya hana rushewa a 2023, har da hujjar hayaƙi, kotu ta soke hukuncinsa a 2024, kafin shekarar ta ƙare sabuwar minista ta ba da izini. Gini ɗaya, hukunci uku. Wasu ƙasashen sun fara gyara dokar. Faransa tun 2022 tana lissafa hayaƙin kayan gini a sababbin gidaje, Denmak kuma ta sa iyaka a 2023.

Kan tagar da ka ambata, a benen Empire State na New York, ginin 1931, tagogi 6,514 aka ciro ɗaya bayan ɗaya, aka gyara su a wani ɗaki cikin benen, aka ƙara musu abin tare zafi aka mayar. Kusan duk gilashin da firam ɗin na asali ne.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni dai har yanzu ban ji wanda ya yi maganar zafin hawa na sama ba. Mutane ne ke zaune a ciki.

Injiniya: Wannan ne ma mafi sauƙi, 'yar uwa. Tunda rufin yoyo yake, dama sai an taɓa shi. A sa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, a shafa wa samansa fari ko a sa kwano mai haske. A yi wa tagogin gabas da yamma rumfa daga waje, domin tare rana kafin ta taɓa gilashi ya fi labule nesa ba kusa ba. A buɗe hanyar da iska za ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, sau da yawa za ka tarar ginin da can yana da ita, daga baya aka toshe da katako don a ƙara ofis. Solar da ake kwaɗayi a sabon gini kuma, ba ta san shekarun rufin da aka ɗora ta a kai ba. In an ɗora ta ma inuwa take yi masa. Gargaɗi ɗaya: kada a toshe gini ruf don tsimin sanyi a manta da danshi. Tsohon bango yana numfashi, in ka shafe shi da abin da ba ya barin laima ta fita, bayan damina biyu za ka ga baƙin fumfuna a kusurwa.

Sakatare: Na gode ƙwarai, jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kwafe komai zan kai wa kwamiti. Na je na duba ɗazu da fitila saboda maganar Baba da Injiniya. A hawa na ƙasa filoli biyu da ke kusa da banɗaki sun tsage, ɗaya har ana ganin rodi ya yi ja. Sauran ban ga komai ba, amma filasta ta rufe su. Zanen ginin na asali kuma an neme shi an rasa.

Ɗan Kwangila: Ka ji ko? Na faɗa muku.

Tsohon Birkila: Kusa da banɗaki ya ce, Alhaji. Bututu ne ke zuba a wurin shekara da shekaru. Biyu cikin nawa, ɗana?

Sakatare: Na ƙirga ashirin da huɗu a hawa na ƙasa, Baba.

Injiniya: To kada kowa ya taɓa waɗannan biyun, kada a shafe su da filasta don a ɓoye. A rufe ruwan banɗakin yau. In tsagar ta fi kaurin tsabar kuɗi ko kuna jin kankare yana zubowa, a tokare wurin a kwashe kaya masu nauyi daga saman sa kafin injiniya ya zo. Idan ya zo, ka ce ya ciri gunduwa daga masu ciwon da kuma aƙalla wasu daga masu lafiya a kowane hawa, kada ya tsaya a biyun nan kawai, kuma a tona gefen fandisho ɗaya a gani tunda babu zane. Malam Sakatare, ka turo hoton tsagar da wani abu a gefenta don a gane girmanta. A tsaye take bin rodi, ko a karkace?